Babi na Bakwai: Lantarki a Kan Gilashi, Tashin Kamfanin First Solar

First Solar kamfani ne na Amurka da ke ƙera farantan sola ba da silikon ba. Yawancin farantan da ake gani a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai, ƙananan ɓallayen silikon ne aka jera aka haɗa su da waya, aka rufe da gilashi. Shi kuwa wannan kamfani faifan gilashi yake ɗauka, ya shafa masa wani sinadari da ake kira kadmiyam-telurayid, shafen da kaurinsa bai wuce maikuromita 3 ba ko kusa da haka. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, kuma silin gashin mutum ya ninka wannan shafe kauri fiye da sau 20. A yau First Solar na cikin manyan masu ƙera sola a duniya, amma ya yi fiye da shekara goma yana ƙaramin kamfani mai cin kuɗin masu shi, ba tare da ya sayar da wani abin a zo a gani ba. Waɗannan shekaru na ƙuruciyarsa su ne suka fi cancantar nazari, domin kamfanoni da dama sun bi wannan hanya tare da shi, kusan dukkansu kuma sun kwanta dama.

Dalilin neman siririn shafe

Tun 1954, lokacin da masana uku na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna ƙwayar sola ta silikon mai juya kusan kashi 6 cikin 100 na hasken rana ya zama lantarki, silikon ne ke riƙe da wannan fage. Matsalarsa ba ƙaranci ba ce, don a cikin yashi da duwatsu ake samunsa. Matsalar tana wajen sarrafawa. Sai an tace shi har ya kusa rasa kowane irin gurɓi, sannan a narka shi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,400, a fitar da shi dunƙule guda, a yanka dunƙulen da siririyar waya zuwa ɓallaye masu kaurin maikuromita 200 ko ƙasa da haka kaɗan. A shekarun baya, kusan rabin wannan silikon mai tsada yakan zube ne a matsayin gari wajen yankan. Bayan haka ne ake mai da kowane ɓalli ƙwayar sola, a liƙa su da juna, a rufe. Sau da yawa kowane mataki masana'antarsa daban, wani lokaci ma ƙasarsa daban.

Abin da ya sa ɓallin silikon yake bukatar kauri shi ne silikon ba gwani ba ne wajen shan haske. Ƙwayar sola tana aiki ne idan haske ya shiga cikinta ya tunkuɗo ilektron daga mazauninsa, sai mahaɗar da ke tsakanin shimfiɗu biyu masu bambancin hali ta kora shi gefe guda, ya bi waya ya zama wuta. Hasken da ya ratsa ya wuce ba tare da an sha shi ba, ya tafi a banza. Akwai sinadaran da suka fi silikon saurin shan haske nesa ba kusa ba. Kadmiyam-telurayid yana shanye mafi yawan hasken da ya faɗo masa a cikin maikuromita 1 zuwa 2 na farko, kuma irin hasken da yake iya amfana da shi ya dace ƙwarai da wanda rana ke aikowa doron ƙasa. Lissafin ke nan da ya ja hankalin masu bincike: in kashi ɗaya ko biyu cikin 100 na kayan zai yi aikin, kuma za a iya shafa shi a kan gilashi mai araha a layi guda, to ya kamata farashin lantarkin rana ya faɗo ƙasa warwas.

Gwajin farko da ya shiga kasuwa shi ne silikon marar tsari, wanda aka fara yin ƙwayar sola da shi a ɗakin binciken RCA a 1976. Shi ne ɗan baƙin layin nan da ke saman kalkuleta. Yana da sauƙin shafawa, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, kuma yana raguwa a watannin farko da ya fara shan rana. Don haka ya tsaya a kan ƙananan na'urori, bai iya kai wa ga tashoshin lantarki yadda aka yi fata ba.

Maƙerin gilashi na Toledo

Harold McMaster, wanda aka haifa a 1916 a jihar Ohio, ba masanin sola ba ne tun asali. Gilashi ya sani. Birnin Toledo da ya yi rayuwar aikinsa a ciki ya daɗe da shahara da masana'antun gilashi, musamman na motoci. A 1948 ya kafa kamfanin Permaglass, a 1971 kuma shi da abokinsa Norman Nitschke suka kafa Glasstech, mai ƙera injinan taurara gilashi, wato irin gilashin da in ya fashe yake wargajewa tsakuwa-tsakuwa maimakon ya bar kaifi. Aikin nan ya koya masa abu ɗaya da 'yan ɗakin bincike ba su cika damuwa da shi ba: yadda ake tura babban faifan gilashi mai zafi ya ratsa tanderu a kan naɗaɗɗun ƙarafa, da sauri, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya lanƙwashe ko ya tsage ba.

A 1984 ya kafa Glasstech Solar ya gwada silikon marar tsari, abin bai yi ba, kuɗi suka tafi. A 1990, yana da shekara fiye da 70, ya sake ɗaura ɗamara ya kafa Solar Cells Inc., a wannan karo da kadmiyam-telurayid, tare da haɗin gwiwar masana na Jami'ar Toledo da tallafin bincike daga gwamnatin Amurka. Tunaninsa shi ne farantin sola gilashi ne da aka yi wa shafe, don haka a ƙera shi kamar yadda ake ƙera gilashin mota, ba kamar yadda ake ƙera kayan cikin kwamfuta ba. Wannan ra'ayi ne ya bambanta kamfanin da sauran tun daga tushe.

Hanyar da injiniyoyinsa suka samar a ƙarshen shekarun 1990 ita ce har yau ƙashin bayan kamfanin. Ana farawa da gilashin da aka riga aka yi wa wani shafe garai-garai mai barin haske ya wuce amma yana ɗaukar lantarki. Sai a zafafa shi zuwa digiri 500 da wani abu, a tura shi cikin wani ɗaki inda ake zuba garin kadmiyam-telurayid a cikin bututu mai tsananin zafi. Garin yakan koma tururi nan take, iska ta kwashe shi ta watsa a fuskar gilashin da ke wucewa, ya daskare a kai cikin ƙasa da minti ɗaya. Daga nan sai wani mataki da ya zama dole: a shafa gishirin kadmiyam-kulorayid, a sake gasawa a zafin da ya kai kimanin digiri 400. In ba a yi wannan ba, ƙwayar takan fito raunanniya, domin shafen ƙananan ƙwayoyi ne birjik da suka haɗu, kuma a kan iyakokinsu ne ilektron ke ɓacewa. Gashin yana girmama ƙwayoyin ya kuma gyara iyakokin. An daɗe ana yin wannan mataki don an ga yana aiki, tun kafin masana su gama fahimtar dalilinsa.

Bayan haka hasken leza ke tsaga shafen zuwa dogayen layuka sirara, kowane layi ya zama ƙwaya mai zaman kanta, a haɗe da maƙwabciyarta ba tare da waya ko dalma ba. A ƙarshe a shafa ƙarfe a baya, a rufe da gilashi na biyu. A shekarun farko, faifan gilashi mai faɗin santimita 60 da tsawon 120 yakan shiga ta wannan bakin masana'anta, ya fito ta wancan bakin a matsayin cikakken farantin sola cikin kimanin awa 2 da rabi.

Kuɗi mai haƙuri da kasuwar Jamus

Samun hanyar daban, mai da ita masana'anta daban. A 1999 McMaster ya sayar da rinjayen kamfanin ga True North Partners, kamfanin zuba jari na John Walton, ɗan Sam Walton da ya kafa shagunan Walmart, tare da abokin aikinsa Michael Ahearn. Nan aka sauya suna zuwa First Solar, Ahearn ya zama shugaba. Masana'antar farko da aka gina a Perrysburg, kusa da Toledo, ta ƙi yin abin da aka zata. Abin da ke fita lafiya a ƙaramin samfuri sai ya zo da tabo da rashin daidaito a babban faifai, kuma tabo ɗaya ya isa ya rage ƙarfin dukan farantin. Sai a 2002 aka fara sayarwa, shi ma ɗan kaɗan. McMaster ya rasu a 2003, Walton kuma ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgin sama a 2005. Babu wanda ya ga shekarar da kamfanin ya fara cin riba a cikinsu.

Muhimmancin Walton a wannan labari ba yawan dukiyarsa kaɗai ba ne. Mai jari ɗaya ne, wanda bai ɗaure kamfanin da wa'adin shekara uku ko biyar ba, ya ci gaba da zuba kuɗi a lokacin da layin ke fitar da gurɓatattun kaya. Gaggawa aikin shaiɗan ce a kowace sana'a, amma a wannan sana'a ta fi tsada, domin wanda ya gina babbar masana'anta kafin ya gama gane injinsa, kuskurensa zai ninka ne kawai.

Kasuwa kuwa daga Jamus ta zo. Dokar makamashin da ake sabuntawa da ƙasar ta kafa a 2000, aka kuma ƙara mata ƙarfi a 2004, ta wajabta wa kamfanonin lantarki su sayi wutar sola a kan tsayayyen farashi mai tsoka har shekara 20. Manoma da 'yan kasuwa suka shiga shimfiɗa farantai a filaye da rufin rumbuna. A irin wannan aiki, abin da ake dubawa shi ne nawa ake kashewa a kan kowane wat, ba ƙanƙantar farantin ba. Farantan First Solar a lokacin kusan kashi 9 cikin 100 na haske kawai suke juyawa, na silikon kuwa suna kai wa 13 zuwa 15, saboda haka sun fi cin fili. Amma inda fili yake da araha, sauƙin farashi ya rinjayi wannan aibi. Kusan duk abin da kamfanin ya ƙera a waɗannan shekaru Jamus ya nufa.

Shugabannin kamfanin sun kuma ɗauki wata ƙa'ida da ta taimaka ƙwarai: da zarar layi ɗaya ya daidaita, sai a kwafe shi sak a sabuwar masana'anta, inji iri ɗaya, jeri iri ɗaya, in an gano gyara a wani layi a kai shi ga sauran duka. Da haka aka buɗe masana'anta a Frankfurt ta bakin kogin Oder a gabashin Jamus a 2007, da wata mafi girma a Kulim ta ƙasar Maleshiya a 2008. A Nuwamban 2006 aka fara sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwar Nasdaq kan dala 20 kowanne, a shekarar ce kuma ya fara cin riba. Kuɗin ƙera wat ɗaya ya sauko daga kusan dala 3 a 2004 zuwa dala 1.40 a 2006, sannan zuwa santi 98 a ƙarshen 2008. Shi ne kamfani na farko da ya sanar da sauka ƙasa da dala 1, iyakar da masana harkar suka daɗe suna hange. A 2009 ya ƙera fiye da megawat 1,000 a shekara guda, abin da babu mai ƙera sola da ya taɓa yi kafinsa.

Waɗanda suka faɗi a hanya

Sa'a ma ta taka rawa. Yayin da Jamus da Sifen ke ta sayen farantai, tataccen silikon ya yi ƙaranci, farashin kilo ɗaya ya tashi daga kimanin dala 30 a farkon shekarun 2000 zuwa fiye da dala 400 a kasuwar nan-take a 2008. Duk wanda ya ce zai yi sola ba da silikon ba, masu jari sai su yi masa caa. A jihar Kalifoniya kaɗai kamfanoni da yawa suka taso, galibinsu a kan wani haɗin da ake kira CIGS, na jan ƙarfe da indiyam da galiyam da seleniyam. A ɗakin bincike CIGS ya fi kadmiyam-telurayid ƙarfi a wancan lokaci. A masana'anta kuwa, daidaita sinadarai huɗu a kan faffaɗan faifai ya fi daidaita biyu wuya matuƙa, musamman da yake kadmiyam da teluriyam suna da halin haɗuwa ɗaya-da-ɗaya da kansu in sun daskare daga tururi.

Nanosolar, da aka kafa a 2002, wanda waɗanda suka kafa Google suna cikin masu jarinsa na farko, ya yi niyyar buga CIGS kamar tawada a kan siririn faifan ƙarfe. Ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli, bai taɓa ƙera kaya da yawan da ya yi alkawari ba, a 2013 aka yi gwanjon kadarorinsa. Solyndra, da aka kafa a 2005, ya naɗa CIGS a jikin bututan gilashi, ya samu lamunin bashin dala miliyan 535 daga gwamnatin Amurka a 2009, ya rufe ƙofa a 2011 ya sallami ma'aikata kimanin 1,100. Abound Solar na jihar Kolorado ma ya durƙushe a 2012, alhali kadmiyam-telurayid yake amfani da shi kamar First Solar, wanda ke nuna cewa zaɓen sinadari kaɗai ba ya ceton kamfani.

Babban abin da ya kashe su ɗaya ne. Sun gina lissafinsu a kan cewa silikon zai ci gaba da tsada. Sai ga sababbin matatun silikon sun buɗe, kamfanonin ƙasar Sin sun shigo da manyan masana'antu da bashi mai sauƙi, farashin kilo ya faɗo ƙasa da dala 30 zuwa ƙarshen 2011. First Solar ya tsira ne saboda ya riga ya kai ga yawan kaya da ƙaramin farashi kafin guguwar ta iso, yana kuma da kuɗi a ajiye. Duk da haka ya ji jiki. A 2012 ya rufe masana'antarsa ta Jamus, ya sallami ma'aikata kusan 2,000, ya karkata ga gina manyan tashoshi da kansa, irin su Topaz da Desert Sunlight a Kalifoniya, kowacce mai ƙarfin megawat 550.

Guba, ƙaranci da zafi

Tambayoyi biyu sun bi wannan fasaha tun farkonta, kuma dukansu na gaskiya ne. Kadmiyam guba ne mai cutar da ƙoda da huhu. Amsar da ake bayarwa ita ce in ya haɗu da teluriyam yakan zama sinadari mai tsayayyen hali wanda ba ya narkewa a ruwa cikin sauƙi, ga shi a kulle tsakanin gilasai biyu. Sannan kadmiyam ɗin rarar aikin tace tutiya ne, da za a samu ko da sola ko babu. Wannan amsa tana da ƙarfi, amma tana dogara ne da kada a watsar da tsofaffin farantai a juji. Kamfanin ya gane haka da wuri, ya kafa shirin karɓar tsofaffin farantansa ya sake sarrafa su a 2005, inda ake ƙwato kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin da na gilashin. Teluriyam kuma yana cikin ma'adinan da suka fi ƙaranci a ɓawon ƙasa, ana samunsa ne galibi daga ragowar tace jan ƙarfe. Wannan ya sa wa fasahar wani rufi: tana iya ciyar da babban kamfani ɗaya ko kaɗan, amma da wuya ta maye gurbin silikon a duniya baki ɗaya.

A gefen alheri, duk farantin sola ƙarfinsa yana raguwa in ya yi zafi, kuma a rana irin ta bazara a Sakkwato ko Agadas jikin faranti yakan haura digiri 60. Kadmiyam-telurayid ya fi silikon na da jure wannan, shi ya sa ya yi farin jini a tashoshin hamada. Sababbin nau'o'in silikon sun rage wannan tazara sosai. Mai neman faranti don gidansa a Kano ko Maraɗi kuwa, silikon ɗin Sin zai tarar a kasuwa, domin First Solar ba ya sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Manyan tashoshi yake yi wa kaya.

Kamfanin ya ci gaba da matse fasahar. A 2016 ƙwayarsa ta ɗakin bincike ta kai kashi 22.1 cikin 100, a 2018 kuma ya koma ƙera farantai masu girman kusan mita 2 da mita 1.2, don rage kuɗin kafawa. Ya buɗe masana'antu a Biyetnam da jihar Tamil Nadu ta Indiya, ya ƙara wasu a Amurka. Ba za a ɓoye ba cewa ribarsa ta yanzu tana jingine da harajin da Amurka ke ɗora wa farantan waje da rangwamen harajin da wata dokar Amurka ta 2022 ta ba masu ƙerawa a cikin gida, kamar yadda ta jingina da dokar Jamus a farko.

Sababbin kamfanoni na wannan zamani sun koma kan wani siririn shafe da ake kira ferobsikayit, wanda ƙarfinsa ya tashi daga kashi 3.8 cikin 100 a 2009 zuwa fiye da 25 cikin shekara 12 ko kusa da haka. Oxford PV, da ya fito daga Jami'ar Oxford ta Ingila a 2010, bai nemi ture silikon ba; yana shafa ferobsikayit ne a samansa, kowanne ya sha nasa ɓangaren hasken. Sai a 2024 ya aika kayansa na farko ga mai saye daga masana'antarsa ta Jamus, shekara 14 bayan kafa shi. Jarrabawar da ke gabansa ita ce ɗorewa, domin mai sayen faranti yana neman garantin shekara 25 ko fiye, ferobsikayit kuwa danshi da zafi suna lalata shi. First Solar shi ma ya sayi kamfanin Evolar na ƙasar Suwidin mai wannan bincike a 2023. A halin yanzu silikon ne ke da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar sola ta duniya, kuma a cikin manyan masu ƙera farantai, First Solar ne kaɗai ya kai wannan matsayi da siririn shafe.